Ƙudan da Zaki Ya Aika Garken Ɓauna

Ga ta nan tafe gare ku!

Ta iso mu ji ta!

Zaki yana tsoron ƙahon ɓauna, sai ya aiki Ƙuda garkensu, shi kuwa ya laɓe cikin ciyawa kusa da su. Ƙuda ya bi su kunne-kunne yana raɗa: "Maƙwabciyarki ta haɗa baki da Zaki."

Ashe al'adarsu ce, kafin a sha ruwa kowacce ta faɗi abin da ta jiyo.

Ɗaya ta ce, "Wai ke, yaya, kin ci amanata."

Yayar ta ce, "Haka aka ce mini a kanki!"

Tsohuwarsu ta ce, "Ku ƙyale Ƙuda, ɗan aike ne. Wa zai ƙoshi in mun watse?"

Garken nan kaf ya juya lokaci guda, ƙasa na girgiza, ƙahoni suka nufi ciyawar da Zaki yake laɓe.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya faɗo!