Kurangar Inabin Dutsen Raɓa

A zamanin da, tun kafin malamai su iso da littafi su hana shan giya, an yi wani sarki mai suna Jarmai, mai son jar giyar inabi. Wazirinsa Dogara ne ke kawo masa ita cikin tuluna masu zane, yana cewa daga bayan teku fatake suka ɗauko ta.

Ƙarya yake yi, maƙetacin banza. A ƙasar sarkin akwai wani tudu mai sanyi, Dutsen Raɓa, inda inabi ke nuna a hankali, giyarsa ta fito ja mai ɗan tsami da ƙamshi. Mutanen birni sun raina wurin, ko sunansa ba sa son ji. Can Waziri ke aika bayinsa a ɓoye su saye giyar da arha, ya juye a tulunan baƙi.

Wata shekara sarki ya ce, "Me tudun nan ke tsinana mini? A sare kurangar nan duka, a shuka gero." Waziri bai hana ba, don in ya hana, asirinsa ya tonu.

Masu gatari suka hau dutse, suka fara da gonar wata tsohuwa, Gwamma. Ta sauko birni da goran giyarta a hannu, ta faɗi gaban sarki tana huci.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ka ɗanɗana abin da ka sa a kashe."

Sarki ya kurɓa, ya tofar. "Wannan ruwan tsamiya kike haɗawa da ta bayan teku?"

Abin haushi, ita ce fa giyar da ya sha jiya yana yabo. Gora kawai ya gani, harshensa ya mutu. Gwamma ta san bayin wa ke hawa dutse, amma wa zai yarda da tsohuwar ƙauye a kan Waziri? Sai ta haɗiye fushinta.

Ta ce, "To, a sare. Roƙona ɗaya, Zaki. Tunda ta bayan teku ta ishe ka, Waziri ya rantse a gaban fada cewa baɗi zai kawo ta kamar kullum, in ya kasa a sare kansa kamar yadda aka sare gonata."

Sarki ya yi dariya. "Wannan ai mai sauƙi ne. Waziri, rantse."

Waziri ya gyara rawani. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na sake tunani. Mutanen nan talakawa ne, abin tausayi. A bar musu kurangarsu."

Sarki ya dube shi tun daga rawani har takalmi. "Kai, Dogara? Kai da ka sa aka tsire mutum a kan akuya, yau kai ke roƙa wa talaka? Rantse, na ce."

Waziri ya kasa. Ya kifa goshi a ƙasa, ya faɗi gaskiya duka. Sarki ya fusata, rabi don an cuce shi, rabi don kunya. Ya sa aka tuɓe rawanin Waziri nan take, ya aika a tsai da masu gatari, ya ba da doka cewa daga yau giyar Dutsen Raɓa da sunanta za ta shigo fada.

Sannan ya ce wa Gwamma, "Baba, faɗi abin da za a biya ki."

Ta ce, "Me za ka biya? Mijina ne ya dasa kurangar nan muna yara. Sabuwa kuwa ba ta ba da giyar kirki sai ta tsufa, ni ba zan kai ba. Ka ba ni Dogara. Shi zai haƙa kowane rami da hannunsa, cikin sanyin nan, ya dasa."

Sarki ya ce, "To ke me za ki samu?"

Ta ɗauki goranta ta miƙe. "Zan shimfiɗa tabarma in zauna ina kallonsa a durƙushe."