Zabuwa da Baƙon Gidan Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho da ƙafarta.

Ta ƙaraso mu ji ta.

To ku gyara zama. Wanda ya san ba zai iya riƙe bakinsa ba ya tashi tun yanzu, don ni ba na maimaita magana.

A wani gari na tsuntsaye da ƙananan namun daji, a gindin wata tsamiya, akwai Zabuwa. 'Ya'yanta uku: Tunau, da Dela, da Auta. Uku kacal, bayan ta yi ƙwai ya fi ɗari. Wasu maciji ya shanye, wasu ruwa ya tafi da su. Waɗannan ukun su ne iyakar abin da duniya ta bar mata.

Zabuwa mace ce mai kara. In ka taka mata ƙafa, ita za ta ba ka haƙuri. In aka yi baƙo a maƙwabta, akushinta ne ke fara isa. A ce da ita mai zumunci ya fi mata tsaba daɗi.

Garin kuma suna da wata al'ada. Ba a kiran mugun ciwo da sunansa. Sun ce wanda ka kira, shi ke amsawa.

Danga ɗaya ta raba Zabuwa da Kurege. Shi kuwa ya cinye hatsinsa tun kaka, har da irin shuka, bazara ta same shi rumbu wayam. Ana cikin haka ɗansa ya kwanta. Zazzaɓi, tari, ido ja wur. Sannan ƙuraje suka feso masa daga bayan kunne, suka bi fuska, suka gangara har ciki. Kurege ya duba sau ɗaya ya gane. Ƙyanda ce, ciwon nan da ke bin yara ɗaya bayan ɗaya kamar wuta a busasshiyar ciyawa.

Matarsa ta ce a rufe ƙofa, a sanar da maƙwabta. Kurege ya ce ta fara rufe bakinta tukuna. In aka ji ƙyanda, ko ƙuda ba zai leƙo ba, to su ci me? In kuwa aka ji baƙo, ƙwarya za ta yi ta shigowa.

Ya leƙa ta kan danga.

"Maƙwabciya, mun fa yi baƙo."

"Barka. Daga ina?"

"Bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba. Ai ba a tambayar baƙo."

"Me yake ci?"

"Kunun dauro. Tuwo ko kallo bai ishe shi ba."

Zabuwa ta ce bari ta yafa mayafi ta shigo ta yi masa sannu da zuwa. Kurege ya yi wuf ya ce a'a, baƙon yana kunyar manya, amma yana son yara ƙwarai. Nan kam gaskiya ya faɗa, ɗan banza. Abin da yake gudu shi ne babba ya shiga, ya gani, ya gane.

Zabuwa ta surfa dauro, ta niƙa, ta dama kunu da tsamiya, ta ɗora wa Tunau ƙwarya. Ya tafi ya daɗe. Da ya dawo ta tambaye shi lafiyar baƙo. Ya ce shi bai ga baƙo ba. Ɗan Kurege ya gani kwance yana tari, har ya zauna kusa da shi ya yi masa fifita. Kunu kuwa, Baba Kurege ya ɗaga ƙwarya bai sauke ba sai da ya ga gindinta. Zabuwa ta rankwashe shi a ka, ta ce ɗan kirki ba ya kwaso abin da ya gani a gidan mutane.

Kashegari ta sake damawa, ta ɗora wa Dela. Ita ma ta daɗe. Da ta dawo ta ajiye ƙwarya ta ce, "Inna, jikinsa duk ƙuraje, ƙanana-ƙanana, kamar an watsa masa dauro."

Ludayi ya suɓuce daga hannun Zabuwa. Ta gane baƙon. Ta san shi tun tana ƙarama. Ya sauka gidansu, ya kwantar da su huɗu, biyu suka tashi.

Kuna ji ko?

Muna ji.

To nan ne wurin da nake so ku ji.

Rana ta uku, ga Kurege a kan danga, kumatu har sun fara sheƙi. Ya ce baƙo na godiya, wai bai taɓa shan kunu irin nata ba, yau ma yana saurare. Maganar ta taso wa Zabuwa har maƙogwaro. Amma ta ce me? Ta aika jiya, ta aika shekaranjiya. In ta hana yau, a ce ta yi rowa, ko ta ƙyamaci ɗan maƙwabci. In ta faɗi dalili, ta kira sunan. Ita Zabuwa guda, da bakinta? Ta haɗiye maganar ta ce to.

Sai ta yi dabarar wawa. Ta ce Tunau da Dela sun riga sun shiga, kar ta sake tura su bakin wuta. Gara Auta, ta ajiye a ƙofa ta juyo. Ta ja mata kunne sau uku: kar ki shiga, kar ki shiga, kar ki shiga.

Auta ta isa ta yi sallama, ta ce ga kunu a ƙofa. Kurege na kwance a ciki, ƙiwar tashi ta hana shi fitowa. Ya ɗaga murya daga kan tabarma.

"'Yar gidan Zabuwa ce za ta zo ta koma ba ta gaida baƙo ba? Haka uwarki ta koya miki?"

Ba haka uwarta ta koya mata ba. Uwarta ta koya mata ba a yi wa babba musu. Ta ɗauki ƙwarya ta shiga.

Kwana goma shiru, har Zabuwa ta fara cewa Allah ya tsare. Sai Tunau ya tashi jiki zau. Kashegari Dela. Kwana biyu a tsakani, Auta. Na Auta ya fi tsanani. Ido ya manne, baki ya bushe, numfashi sama-sama kamar wadda ta yi gudu. Zabuwa ta kwashe su ta kai ƙuryar ɗaki, ta toshe taga da tsumma, ba ta faɗa wa kowa ba.

Tana da aminiya, Kaza, mai 'yan tsaki tara. Kaza ta zo ta yi sallama daga waje, ta ce kwana biyu shiru, ko lafiya. Zabuwa ta ce lafiya lau, aiki ne ya yi yawa. Kaza ta tafi.

Kashegari ta dawo, ta ce ita fa tana jin tari. Zabuwa ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Mun yi baƙo." Ta ji maganar Kurege a bakinta, amma ba ta janye ba. Kaza ta yi barka ta tafi.

Rana ta uku da hantsi, Zabuwa ta ji hayaniya. Ta leƙo. Ga Kaza da ƙwaryar kunu a ka. Ga 'yan tsaki tara a bayanta, an yi musu wanka an shafa musu mai, sun zo gaida baƙo. Ƙaraminsu har ya ɗora ƙafa a dokin ƙofa. A ciki kuwa Auta na jan numfashi.

Zabuwa ta baza fukafukai ta tare ƙofa.

"Ƙyanda ce. Ƙyanda ce a ɗakin nan. Kwashe 'ya'yanki, Kaza!"

Duk unguwa an ji. Mata suka riƙe baki. Wata ta tofar da yawu, wata ta yi a'uzubillahi, ba don ciwon ba, don sunan.

Kaza ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta dire ƙwarya, ta kora 'ya'yanta har ƙarshen gari wurin yayarta, ta dawo ita kaɗai. Ta ce ita ta yi tun tana ƙarama, ciwon ba ya koma wa wanda ya taɓa kamawa. Ta shiga tana faɗa. Ta fizge tsumman taga don iska ta shigo. Ta ce wa ya ce a bar yaro da ƙishi? Ta riƙa ɗiga musu ruwa kaɗan-kaɗan, ta bi da kunu, ta goge musu ido da tsaftataccen ƙyalle. Ta ce da an faɗa mata tun ranar farko, da yanzu wani zance ake.

Tunau ya tashi. Dela ta tashi. Auta ba ta tashi ba. Ranar Talata, kafin rana ta take, ta cika.

Masu ta'aziyya suka zo suka tsaya nesa da danga. Har da Kurege, ya yi ɓul-ɓul da kunun dauro, ɗansa na tsalle-tsalle a bayansa, ya warke sarai. Ya gyara murya yadda kowa zai ji.

"Allah ya ba da haƙuri. Amma baki shi ke yanka wuya. Ni baƙo na yi, na girmama shi, ya gama kwanakinsa ya tafi, bai ɗauke min kowa ba. Ita ta kira sunansa, ya amsa."

Kawuna suka gyaɗa. Aka ce gaskiya ne, aka ce ai an daɗe ana faɗa. Babu wanda ya tambaya ta ina ciwon ya shiga gidan Zabuwa. 'Yan tsakin Kaza tara suna nan garau, ko atishawa babu mai yi, amma babu wanda ya waiwaye su. Kaza ta fara magana, aka ce ta yi shiru, gidan makoki ne, ba a tone-tone.

Zabuwa ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Babu gidan da akushinta bai shiga ba. Daga ranar, in ta fito rijiya sai a janye guga, a ce ga mai mugun baki nan. Da aka yi sadakar bakwai ta tasa 'ya'yanta biyu a gaba ta shiga daji. Ƙurajen sun warke, amma sun bar musu tabo fari-fari tun daga wuya har wutsiya.

Damina ta faɗi, Zabuwa ta yi ƙwai. Ta zauna ta daɗe tana kallonsu. Sai ta jera su a faifai, ta ɗauka ta kai ƙofar Kaza. Kaza ta ce wannan kuma na mene ne.

"Ke kin ji suna sau ɗaya, kin kwashe naki. Ni na gane shi, na dama masa kunu, na ɗora wa 'yata a ka. Ki kwanta musu. Ban yarda da kaina ba."

Ta juya ba ta waiwayo ba.

Shi ya sa har gobe ƙwan zabuwa kaza ake sa wa ta ƙyanƙyashe. Shi ya sa 'ya'yanta ke fitowa da zane a jiki. Shi ya sa kuma in zabuwa ta hangi abin tsoro ba ta kara, ba ta kunya, sai ta cika gari da kururuwa, wanda zai ji haushi ya ji. Mutane kuwa ba su daddara ba. Har yau in ƙyanda ta shiga gida sai a sassauta murya a ce baƙon dauro.

To ku ji ni da kyau. Ba a yi wa ciwo kara. In yaro ya feso da ƙuraje da zazzaɓi, a kira abin da sunansa, a raba shi da sauran yara, a ba shi ruwa, a kai shi wurin masu magani tun da wuri. Maƙwabci ya yi fushi, fushi ba ya kisa. Ku kuma da ake ja kamar awaki ranar allurar rigakafi, kuna ihu kuna birgima, sai ku tuna Auta da ƙwarya a ka.

Ƙaryar da ke ciki ta Kurege ce, ku mayar masa da abarsa. Ƙurunƙus.