Alkakin Garar Bahijja

Hajiya Zinariya ta Gwammaja ta iya girki, wannan ko maƙiyinta ba ya musu. Aibinta ɗaya ne, gaggawa. Tana juya miya tana amsa waya, tana ƙwala wa direba kira. Gidan abincinta na Ƙofar Wambai bai gama kafuwa ba ta buɗe na biyu. Na biyun bai kankama ba ta fitar da littafin girke-girke, har da shafin da ta cika baki cewa ta gano yadda ake alkaki a yini guda.

Da aka sa bikin Bahijja, 'yar ƙaninta marigayi da ta riƙe tun tana goye, Zinariya ta ce ba mai yin gara sai ita. Gara kuwa mutuncin amarya ce, domin dangin ango gida-gida suke raba ta.

Yayarta Uwani ta ce, "Zinariya, kwaɓin alkaki sai an bar shi ya kwana ya tashi don kansa, a soya a hankali har cikinsa ya bushe. Ki fara tun yanzu."

"Haba Yaya, ai wannan aikin mutanen da ne! Ina da taron littafi a Abuja. In na dawo zan yi."

Ba ta dawo ba sai ana gobe kai gara. Ta antaya yis a kwaɓin, ta cika wa mai wuta. Alkaki ya yi jawur a waje, cikinsa ɗanye. Ta tsoma shi a zuma, ta jera a fanteka da zafinsa, ta rufe. Aka kai gidan ango a Kabara ana guɗa, aka raba wa dangi da maƙwabta.

Mako bai zagayo ba, duk gidan da aka buɗe kwano sai fumfuna da tsami. Uwar ango ta aiko wa Zinariya fantekar da ragowar a ciki.

Hankalin Zinariya ya tashi, ta garzaya Kabara. Ta tarar da Bahijja a bakin gado, idanu sun kumbura.

"Yi haƙuri 'yata, yau ɗin nan zan sake wani."

"Yau ɗin nan kuma, Gwaggo?" Bahijja ta ce a hankali. "Yaran layin nan amarya mai fumfuna suke kirana. Mutanen Abuja kin ba su sati guda. Ni kwana biyu kawai alkakina ya nema a wurinki."

Wayar Zinariya na ta ruri a jakarta, ranar ba ta ɗauka ba.

Darasi: sauri kan haifi nawa. Gwaninta ba ta maye gurbin haƙuri, kuma aikin da aka hana wa lokacinsa sai ya tona asirin mai shi. Abin takaicin, sau da yawa ba mai gaggawar kaɗai ke kwasar kunyar ba, har da wanda ya ba shi amana.