Kumurci da Tsagar Dutse

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta!

Kumurci dai kun san shi da zafin rai. To, wata rana fatarsa ta matse shi, idanunsa suka yi yana, ko gabansa ba ya gani. Ya lallaɓa wurin Kunkuru yana huci.

"Malam, ba ni magani yanzun nan!"

Kunkuru ya ce, "Maganinka tsagar dutsen can. Kutsa ta ciki, tsohuwar fatar za ta saɓule."

Kumurci ya sa kai, dutse ya karce masa wuya. Ya ja da baya a fusace. "Tsohon banza! Kashe ni za ka yi?"

"To, zauna a haka," in ji Kunkuru.

Sai ga Kwaɗo ya ɗare bayan Kumurci yana rawa. "Jama'a, ku zo ku ga igiya!"

Zuciya ta ɗebi Kumurci. Ya fizge, ya afka tsagar nan yana zage-zage, jini na tsatsafo masa, bai tsaya ba sai da ya ɓullo ta wancan gefen. Ga shi sumul, baƙi wuluk, ido tar, har ya ƙara tsawo.

Kwaɗo ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, wasa nake yi!"

"Ni kuwa ba wasa nake ba," in ji Kumurci, ya haɗiye shi.

Ƙurunƙus kan kwaɗo! Ba don Gizo ba, da kun ce ƙarya na shara muku.