Mai Shagon Gem da Bai Kai Doyarsa Minna Ba

An yi wani mutum a nan Minna, a Sabon Gari. Ba zan kama sunansa ba, don wa'azi na zo yi, ba tonon asiri ba. Shago gare shi mai shuɗin fenti, yana sayar da faya-fayan wasan kwamfuta, abin nan da yaranmu ke kira gem. Oga kowa yake ce masa. Mutum ne mai fara'a, da ɗan tumbinsa, da jar hula wadda kullum a karkace take, ga butar shayi a gefen tebur.

Ya 'yan uwa mata, kun tuna yadda abin ya zo mana wajen shekarar 2012. Kwamfuta ta fara shiga gidaje, amma tsofaffi ne, manyan wasannin kamfanoni ba sa tashi a kansu. Sai ƙananan, waɗanda mutum ɗaya ko biyu ke zama a ɗaki su haɗa, ba kamfani, ba talla. A jikin faifan ba ka ganin komai sai suna da aka rubuta da hannu. To wa zai gaya maka mai kyau da marar kyau?

Oga ake tambaya. Samari su ce, "Oga, wannan zai yi daɗi? A saya?" Iyaye mata su ce, "Malam, babu abin da zai ɓata mini yaro a ciki?" Shi kuwa sai ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi na buga shi har ƙarshe." Daga nan ya yanke hukunci, a saya ko a bari.

Da farko gaskiya yake faɗa. Yakan zauna ya bi wasa daki-daki har ya ga bayansa. Amma da kasuwa ta buɗe, suna ya fita, sai ganda ta shigo. Ya koma buga matakin farko kawai, kafin shayinsa ya huce ya rufe. Aikin ya ragu, rantsuwar tana nan yadda take.

Ina tambayarku, wa ya sa shi dole? Da ya ce "farkonsa kawai na gani," wa zai kama shi? Amma daɗin a ce Oga ya san komai ya riga ya shiga kansa.

Akwai wasu samari biyu a unguwar, Jiya da Ndagi. Tun suna 'yan firamare suke tsayawa a ƙofar shagon suna leƙe, kuma shi ne ya fara jawo su ya ɗora musu hannu a kan kwamfuta. Wannan alheri ne, ba za mu ɓoye shi ba. Suka girma, suka shiga jami'a a Gidan Kwano, suka yi ta fama tsakanin karatu da ɗaukewar wuta har suka haɗa nasu wasan. Suka sa masa suna Direban Doya. Mota ce za ka ɗauko shaƙe da doya daga Wushishi, ka kawo ta Minna ba ta zube ba. Ga ramuka, ga 'yan kabu-kabu, ga garken shanu yana tsallaka titi.

Ba su kai wa kowa faifan farko ba sai Oga. Jiya ya miƙa da hannu biyu ya ce, "Oga, don Allah wannan ka daure ka kai ƙarshe fa." Ndagi yana gefe yana ta murmushi.

Oga ya ce, "Kai, yaro, ni za ka koya wa aikina?"

Ranar shago cike yake. Ya saka faifan a gaban jama'a, ya gyara hula, ya ba mota wuta. Ramuka ya wuce su, 'yan kabu-kabu ya kauce musu. Da ya iso wajen shanu sai ya danne ham, ya kutsa. Shanu suka firgita, mota ta kife, doya ta watse a titi. Ya sake, ta sake kifewa. Ya kuma sakewa. Wani daga baya ya ce, "Oga, doyar nan fa ta zama sakwara, saura miya!" Shago ya ɗauki dariya.

Dariyar nan ta ƙona shi. Ga kuma mutane suna ta cewa, "Kai, yaran nan akwai kai." A shagonsa, a gabansa, ana yabon wani ba shi ba. Ya cire faifan ya jefa a kwali, bai ƙara waiwayarsa ba.

Daga ranar, duk wanda ya tambaye shi Direban Doya sai ya dafa ƙirji. "Kada ka wahalar da kanka. Wallahi na buga shi har ƙarshe. Ƙarshen ma shi ne abin haushi, baƙin allo ne kawai, ko sannu ba za su ce maka ba."

Magana ta zaga Sabon Gari, ta hau motar ɗalibai ta isa Gidan Kwano. Faya-fayan samarin nan suka zauna a jaka, babu mai taya su.

Jiya ya ji. Ya zo ya tsaya a ƙofar da ya saba tsayawa yana ƙarami, ya ce, "Oga, har ƙarshe ka kai?"

"Har ƙarshe."

Yaron ya dube shi, ya dube shi, ya ce, "To, mun gode." Ya juya.

Ya 'yan uwa, ku lura da wannan wurin. Allah ya buɗe masa ƙofar tuba, har gida ta same shi. Kalma ɗaya ce, "A'a." Ya kasa furta ta.

To akwai wata baiwar Allah, Zakiyya, Maman Husna, maƙwabciyar mahaifiyar Ndagi. Ta sayi faifan ne don kara kawai. Ita a da ba ta taɓa kwamfuta, abin da Oga ya ce ba shi da illa shi take kai wa yaranta. Amma wannan da ya kushe, sai ta ce bari ta duba da idonta kafin ta ba su. Husna ta nuna mata maɓallan. Tsakanin wanki da ɗora tukunya take zama ta ɗan tuƙa.

Da ta iso wajen shanu, ba ta danna ham ba. Ta taka birki ta tsaya. Shanu suka wuce ɗaya bayan ɗaya, makiyayin ya ɗaga mata sanda, hanya ta buɗe. Ashe haka samarin suka tsara abin, yadda duk direban hanyar nan ya sani: ba a gaggawa da shanu. Macen da ta saba jiran yaro ya gama cin tuwo, jiran shanu zai gagare ta?

Wata rana da hantsi ta shigo da motarta Minna, doya ko ɗaya ba ta faɗi ba. Motar ta bi ta Sabon Gari, ta tsaya a gaban wani shago mai shuɗin fenti. Sai ga wani ɗan mutum ya fito, da tumbi, da jar hula a karkace, da butar shayi, yana ɗaga hannu. Rubutu ya fito a allo: "Ka buga shi har ƙarshe, sannu da hanya! Godiya ga Oganmu, wanda ya fara ɗora mana hannu a kan kwamfuta."

Zakiyya ta yi dariya har da hawaye. Can kuma dariyar ta tsaya. Idan bai kai ƙarshen wannan ba, sauran fa da ya rantse mata a kansu?

Ta kwaso su ta bi su ɗaya-ɗaya. A wani mai zomo da furanni a farkonsa, da aka yi nisa sai ga sare-saren kawuna, jini ko'ina, da mata kusan tsirara. Wannan ne yaranta suka fi so, suna rufe ƙofa idan za su buga. Wace uwa ce za ta ga haka jikinta bai yi sanyi ba?

Ranar Asabar, shago ya cika, ta rungumo ƙaramar kwamfutar mijinta a cikin hijabi ta shiga da sallama. Ta ɗora a tebur ta buɗe Direban Doya a daidai ƙarshensa. "Malam, zo ka nuna mini baƙin allon nan da ka ce. Ni nawa ya ƙi yin baƙi."

Oga ya leƙo. Ya ga kansa yana ɗaga wa kansa hannu. Ya karanta godiyar. Jama'a suka taru a bayansa, wani ya ce, "La! Har hular sun karkata ta!" Shago ya rushe da dariya, har masu wucewa suka tsaya.

Shi bai yi dariya ba. Ya cire hular yana jujjuya ta a hannu.

Zakiyya ta ajiye masa faifan zomo ta ce, "Wannan kuma ka ce ba shi da illa. Amanar yarana na ba ka, ba ta faifai ba." Ta ɗauki kwamfutarta ta fita.

Babu wanda ya doke shi. Babu wanda ya kai shi ƙara. Tambayar ce kawai aka daina yi masa. Mata suka gaya wa juna a Islamiyya da coci da wajen suna. Samari suka koma sayen Direban Doya a hannun masu shi, suna rige-rigen zuwa ƙarshe don su ga Oga. Shi kuwa Ogan idan ya fito daga shago, sai a gaishe shi, "Oga, ya hanya? Shanun sun wuce kuwa?" Ko cewa ya yi ana ruwa a waje, sai an leƙa an gani. Mutumin da maganarsa ce jarinsa, me ya rage masa? Shagon ya yi ta bushewa har ya rufe. Yau garin kwaki ake aunawa a wurin.

Ya 'yan uwa, malamai sun karantar da mu shaidar zur tana cikin manyan zunubai, kuma ba a kotu kaɗai ake yin ta ba. Duk wanda ya ce miki, "Me kika gani? In saya?" shaida ya nema. Ko gem ne, ko atamfa, ko maganin tari. Abin da kika gani ki faɗa, inda kika tsaya ki ce nan na tsaya. "Ban sani ba" ba ta taɓa rufe wa kowa shago ba. Kuma ku raba sunan Allah da talla.

Mu kuma iyaye, kada mu ba wani ajiyar idonmu. Ja kujera ki zauna kusa da ɗanki, ki ce ya nuna miki maɓallan. Zai yi miki dariya, motarki za ta kife, ba komai. Gara ya yi miki dariya ƙofa a buɗe.

Har yanzu a wasu gidajen garin nan faifan yana tashi. Duk wanda ya yi haƙuri da shanu, ɗan mutumin nan mai jar hula zai fito ya yi masa sannu da hanya. Godiyarsa aka ajiye masa a can, kowa ya je ya gano ta, shi kaɗai ne bai isa ba.

Allah ya kiyaye mu daga rantsuwa a kan abin da ba mu gani ba. Allah ya tsare idanun 'ya'yanmu, ya ba mu haƙurin kai kayanmu har gida. Amin.