Tumatirin Kumandan

Akwai wani shugaban gardi, wato dogaran Bature, a Damagaram, zamanin da Turawan Faransa ke shirin naɗe tabarmarsu, ana ce masa Sarjan Suma'ila. Jar dara a ka, bulala a hammata, gashin baki kamar tsintsiya. In ya ratso Birni, ko kaji shiru suke yi.

To kun san Damagaram da ƙarancin ruwa. Shi kuwa kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, yana da garka a bayan gidansa, ya shuka tumatir da karoti. Masu ba garkar ruwa su ne 'yan kaso, da tulu a ka, tun daga rijiyar bayan gari.

Saboda haka Suma'ila ba ya duba laifi kafin ya yi kamu, ganyen tumatir yake dubawa. Da ya ga ya fara langaɓewa, sai laifi ya yawaita a gari. Wannan jakinsa ya yi kuka kumandan na ƙailula, wancan ya yi atishawa kusa da tuta. Har ta kai mutanen ƙauyukan Zermu da Gaffati in za su shigo kasuwa, sai sun tambaya, "Yaya tumatir?"

A garin akwai lauya, Metir Lawali, siriri, mai sanyin murya, wanda ya yi karatu a Dakar. Shi da 'yan uwansa lauyoyi suna ta fama da gwamnati a Yamai a gyara doka: kada a tsare mutum ba a kai shi gaban alƙali ba, kada kuma a sa shi aiki kafin hukunci. Kullum da safe sai ya zo ƙofar kaso, ya yi sallama, ya ce:

"Sarjan, wa kuka kama? Wane alƙali ya gan shi?"

Wallahi ba abin da Suma'ila ya tsana kamar tambayar nan. Ran nan ya ƙule ya ce, "Metir, tunda kana son 'yan kaso haka, bisimilla, shiga ka gaishe su!" Ya sa aka rufe shi, aka ɗora masa tulu.

Gardawa suka yi ta ƙyaƙyata dariya, don rabin ruwan a rigar Metir yake ƙarewa. Shi kuwa bawan Allah ko a jikinsa. Yana tafe yana tangaɗi, yana tambayar kowane ɗan kaso abin da ya kawo shi. Kafin labari ya kai kunnen kumandan a sake shi, gammo ya cinye masa gashin tsakiyar kai.

Da wannan sanƙon ya hau mota zuwa Yamai. Ya tsaya gaban majalisa, ya ba su labarin mai jaki da mai atishawa, sannan ya cire hula ya sunkuyar da kai. Aka yi dariya, amma maganar ta shige su. Ba a rufe shekara ba aka gyara dokar.

Kaso ya yi fayau. Bazara ta kama, tumatir ya kwanta.

Kumandan ya fito ya ga garkarsa, wuyansa ya yi ja. Ya aika a kira Suma'ila.

"Ina masu ruwa?"

"Ranka ya daɗe, doka ta kwashe su."

"To kai fa, ba ka da kai?"

Nan take ya sa a rufe shi, wai laifin sakaci, kuma ba zai fita ba sai tumatir ya miƙe. Tumatirin da ko akuya ta shinshina ta wuce! Gardawan da ya saba zabga wa mari suka cire masa jar dara, suka naɗa masa gammo, har da gyara masa zama.

Kafin azahar Birni ya watse zuwa hanyar rijiya. Masu jima suka bar fatu, mata suka bar tukwane a wuta. Wata tsohuwa, Inno, wadda ya taɓa rufe mata ɗa ana tsakiyar shuka, ta yi guɗa ta ce, "Sannu da aiki, Sarjan! Yaya tumatir?"

Kunya ta kama Suma'ila kamar ƙasa ta tsage. Tsoro kuma ya fi kunyar, don shi ya fi kowa sanin cewa wanda ya shiga kason nan ba shi da ranar fita.

Washegari yana fitowa da tulu, sai ga siririyar inuwa a ƙofa. Ya ja ya tsaya. Ya ce a ransa, shi ke nan, mai sanƙo ya zo cin rabonsa na dariya.

Metir Lawali ya yi sallama, ya dubi gardin da ke tsaron ƙofa, ya ce:

"Wa kuka kama? Wane alƙali ya gan shi?"

Inno ta yi tsalle. "Haba ɗan nan! Wannan azzalumin? Shi fa ya yi maka sanƙo!"

"Na sani, Inna, kullum ina shafawa. Amma in na bari aka yi wa dokar nan ɓaraka saboda shi, ta nan za a zura ɗanki gobe. In kina da ƙara a kansa, zo mu je gaban alƙali, ni zan tsaya miki."

Aka kai Suma'ila gaban alƙali. Alƙali ya bincika, bai sami inda mutuwar tumatir ta zama laifi ba, ya sallame shi. Ƙarar Inno kuwa ta ci, aka raba shi da jar dara har abada. Da yamma aka hango kumandan da kansa a garka, da gajeren wando, yana fama da guga.

A ƙofar kotu Suma'ila ya tare Metir, ya ce, "Ashe tambayar nan taka daɗi gare ta. Ban taɓa jin ta daga ƙarƙashin tulu ba."

Darasi: 'Yan uwa, haƙƙin da ka tattake yau don kana da iko, shi za ka nema da kuka ranar da hula ta bar kanka. Mai gaskiya kuma ba ya zaɓar wanda doka za ta kare. Ku tura wa duk wani mai jar dara da kuka sani, ko Allah zai sa ya ji tun tulu bai hau kansa ba.