Kusurwar da Gizo Ya Ƙi Yankewa

Ku matso kusa, ku bar tsokanar juna. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata mata ce ana ce mata Tasalla, mai tsabtar da ta wuce misali. Tana da garka a gefen ɗakinta, ciyawa shimfiɗe kore shar, amma ba ta barin ta ta kai tsawon ɗan yatsa. Da ta ɗago kai, sai lauje. Ni dai na ce ko zuma ce idan ta yi yawa sai ta gundura, amma wa ya isa ya faɗa wa Tasalla?

Ana nan, sai ta je ƙauye ta ɗauko tsohuwarta, ta kawo ta gari don ta huta. Inna ta zauna a bakin ƙofa, ta dubi garkar nan ƙwal kamar kan da aka yi wa aski. Daga ranar ta daina cin abinci. A kawo tuwon shinkafa, ta kau da kai. A kawo farfesun kaza, ta kau da kai. A dama fura da nono, ta kurɓa sau ɗaya ta ture. Ta yi ta ramewa har awarwaro ya fara zamewa daga hannunta. Tasalla ta tsorata ƙwarai, don ta ga uwarta na shirin tafiya ta bar ta.

Jinya ta hana ta riƙe lauje, sai ta kira Gizo. "Ka riƙa yanke mini ciyawar nan duk mako, akushin tuwo naka ne."

"An gama, uwar ɗakina!" in ji Gizo, yana lasar baki.

Kun san halin mutumin. Ya yanka nan, ya yanka can, da rana ta ɗaga sai ya sami wata kusurwa jikin katanga mai sanyi, ya miƙe. Ciyawar wurin kuwa ya ƙyale ta, don ta ɓoye shi.

Makon farko Tasalla ta ce, "Gizo, waccan kusurwar fa?"

"Daidai nan laujen ya dakushe."

Mako na biyu ta ce, "Gizo, kusurwar fa?"

"Baƙi na tarar a ciki, na ji kunyar tashin su."

Aka yi ta haka, ruwa na sauka, ciyawa na tashi. Ran nan ta sake tambaya, sai ya ce, "Wallahi ciyawar ce ta roƙe ni da bakinta."

Ran Tasalla ya ɓaci. Ga uwa kwance ba ci ba sha, ga maƙwabta za su ce gidanta ya zama kango. Ta fizge laujen, ta nufi kusurwar da kanta.

Hantsi ne, an kwana ana yayyafi. Tana shiga, ciyawa ta kai mata ƙugu, raɓa ta jiƙa mata zane. Ta ɗaga lauje, sai malam-buɗe-littafi ya sauka a bakinsa, yana buɗe fiffike yana rufewa.

"Baiwar Allah, dakata mini kaɗan, ban kai ƙarshen shafi ba."

Ta sauke hannu. Ta matsa gaba, ta sake ɗagawa, sai bushiya ta leƙo daga gindin wata ciyawa.

"Baiwar Allah, 'ya'yana huɗu, ko ido ba su buɗe ba. Ina zan kai su?"

Ta sauke. Ta ɗaga na uku, sai ƙudan zuma suka taso daga cikin furanni, farare da rawaya da wasu shuɗi-shuɗi da ba ta taɓa sanin suna cikin gidanta ba.

"Mu ba mu roƙe ki komai ba," in ji babbarsu. "Zauna kawai ki shaƙa."

Sai ta zauna. Ciyawa ta rufe ta, sama kaɗai take gani. Iska ta kaɗo ƙanshin ɗoɗɗoya, kukan zuman nan ya yi ta nisa, ya yi ta nisa. Ba barci ba ne, ba kuma ido biyu ba. Sai ta ga kanta 'yar ƙarama a bayan gari, tana bin wata mata doguwa mai ƙwarya a ka, matar na tsinkar ganye tana waƙa ƙasa-ƙasa. Tasalla ta daɗe da mance waƙar nan, amma ga ta tana jin ta sarai, har tana matsowa kusa.

Ta buɗe ido. Ashe Inna ce tsaye cikin ciyawa, dafe da sanda, ita da ta yi kwana da kwanaki ba ta taka ƙasa ba. Ƙanshin ne ya taso ta. Tana shafa ganyen ɗaya bayan ɗaya, tana gaishe su.

"Tafasa, ashe kina nan? Gasaya, sannu da zuwa. Kai lalo, ɗan nema, har nan ka biyo ni?"

"Inna, za ki faɗi!"

"Ƙyale ni, 'yar nan. Tun da na zo gidanki ban ga wanda na sani ba, sai yau."

Maganar ta soki Tasalla, ta fashe da kuka. Ta ba uwarta ɗaki da katifa da kaji, amma duk mako tana sa wa abokan zamanta lauje. Inna ta share mata hawaye da bakin zane, ta cika mata hannu da ganye.

"Bar kukan nan. Tashi ki dafa tafasar, ki daka ƙuli-ƙuli. Yunwa nake ji."

Ranar Inna ta cinye kwaɗon tas, ta nemi ƙari. Kusurwar nan kuwa ba a ƙara sa mata ƙarfe ba.

To, kun ji. Ba duk abin da ya fito ba da izininka ba ne abin cirewa. In kana gyara, ka bar wa Allah ɗan wuri ya yi tasa shukar, don ba ka san ran wa ke rataye da ita ba.

Ƙungurus kan kusu. Wanda bai yarda ba, gobe ya je ya tambayi bushiya.